Mulkin Mallaka da Gadon da Ya Bar Mana: Darasi Daga Ƙasar Jere da Kafanchan

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya sa aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Turawa. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar nan, Nijeriya ta sami mulkin kanta. Tsakanin ranakun nan biyu shekara sittin ne da 'yan watanni. Yanzu kuwa an fi shekara sittin da tafiyar Turawa, amma har gobe akwai al'amura da yawa na zamanmu waɗanda ba za a gane kansu ba sai an koma ga abin da aka shuka a wancan zamani. Nufin wannan darasi shi ne a nuna wa mai karatu yadda abin ya faru a yanki guda, watau kudancin Jihar Kaduna, daga Jere da Kagarko zuwa Kafanchan da Zangon Katab. Abin da ya sami wannan yanki ya sami wurare da dama a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka.

Yadda Turawa Suka Tarar da Ƙasar

Kafin zuwan Turawa, mutane iri iri ne ke zaune a kudancin Zazzau. Akwai Gbagyi da Koro a wajen Jere da Kagarko, akwai Ham da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Moro'a da wasu masu yawa ta gabas, kowace al'umma da harshenta da dattawanta da hanyarta ta yanke hukunci. A tsakaninsu kuma akwai garuruwan Hausawa da Fulani, irin su Jere da Kagarko da Jama'a, waɗanda ke bin Sarkin Zazzau, da zangon fatake irin na Katab.

Zaman da ake yi ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wasu al'ummomi sun ɗauki amana suna biyan gandu, an bar su da sha'aninsu. Wasu ana kai musu harin bayi, abin da ya bar tabo mai zurfi wanda bai kamata a ɓoye shi ba. Wasu kuwa, kamar mutanen Kagoro da ke kan duwatsu, ba a taɓa cin su da yaƙi ba. Duk da haka ana cin kasuwa tare, ana musayar hatsi da gishiri da ƙarfe da tufafi.

A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai suka shirya ƙa'idar yadda za su raba Afirka, ba tare da an gayyaci Ba'afirke ko ɗaya ba. Sojan Lugga suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau aka naɗa Aliyu ɗan Sidi. Mutanen duwatsu da suka ƙi biyan haraji aka yi ta aika musu da soja har suka sallama. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuma ta raba Katsina da Maraɗi, 'yan'uwan juna suka wayi gari a ƙasashe biyu.

Gado na Farko: Sarauta da Mulki

Turawan mulki ba su da yawa, kuɗin da Ingila ke ba su kuma kaɗan ne. Saboda haka suka zaɓi su yi mulki ta hannun sarakunan da suka tarar, aka kafa abin da ake kira En'e, da baitulmalinta da kotun alkali da gidan yari da 'yan doka. A inda jama'a suka saba da wannan tsari, kamar birnin Zariya da kewayensa, canjin bai yi tsanani ba. A kudanci kuwa sai aka shata iyakar gundumomi a kan taswira, aka ce duk wanda ke cikin iyakar nan yana ƙarƙashin hakimi, ko da kakanninsa ba su taɓa bin kowa ba. Aka tura hakimai daga Zariya zuwa wurare irin su Zangon Katab da Kachiya, su tara haraji da jangali, su kuma ɗebi mutane aikin tilas. Kagoro da Moro'a da Jaba kaɗai aka bari da sarakunan kansu.

A lura da abin da wannan ya haifar. Bature ne ya yanka haraji, shi ne kuma ya ce a kawo masu aikin hanya da masu dako, amma fuskar da talaka ke gani ita ce ta hakimi da ɗan doka. Haushin da ya kamata ya hau kan Razdan da Di'o sai ya hau kan maƙwabci. Talakan Bahaushe shi ma bai tsira ba, domin haraji da bulala ba su san ƙabila ba. Mutanen kudancin Zazzau sun kai kukansu gaban Hukumar Willink da ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, amma Turawa suka tafi suka bar maganar yadda take.

Gado na Biyu: Hanya da Kasuwa

Turawa sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wannan gaskiya ne, amma sai a duba inda ta nufa. Hanyar yamma ta isa Kano a 1911 domin ɗaukar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku. Hanyar gabas daga Fatakwal ta biyo ta Kafanchan zuwa Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshe daga Kafanchan zuwa Jos domin kuza. Nan da nan Kafanchan ta zama babbar mahaɗa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa, suka taru, har aka mai da hedkwatar Sarkin Jama'a can a farkon shekarun 1930. Garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar fatake waɗanda dogo bai bi ta kansu ba suka koma baya. Jere ba ta ga tashar jirgin ƙasa ba sai a 2016, sa'ad da aka buɗe sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna.

Haraji kuma aka ce sai da kuɗin Turawa za a biya shi, wuri ya daina aiki. Manomin da ba shi da sule dole ya shuka abin da kamfani ke saye, ko kuwa ya tafi haƙar kuza a Filato. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya inda Ingila ke samun kuza, daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi dubban mutane da ƙarfi daga larduna, har da Lardin Zazzau, aka kai su ramukan kuza. Wannan shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, da yawa kuwa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su can.

Wajen 1927 aka fara noman citta don sayarwa waje a kudancin Zazzau. Har yau Kachiya da Kwoi da Kagarko suna cikin manyan wuraren noman citta a Afirka, har yau kuma galibinta busasshiya ake fitar da ita cikin buhuna, ribar sarrafa ta tana ƙasashen waje. Da cuta ta faɗa wa gonakin citta a 2023, sai aka ga hatsarin da ke cikin dogara ga amfanin gona guda ɗaya, gidaje da yawa suka rasa abin hannunsu cikin damina ɗaya.

Gado na Uku: Ilmi

Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba zai taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita aikin 'yan mishan a garuruwan Musulmi. Gwamnati kuwa ba ta buɗe makarantu masu yawa a madadinsu ba. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, da Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920, an yi su ne musamman domin 'ya'yan sarakuna da malamai waɗanda za su yi aikin En'e. A kudanci kuwa aka bar fili ga mishan. Ƙungiyar SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta kafa a Kagoro, makarantu da ɗakunan shan magani suka biyo baya.

Sai aka wayi gari yanki ɗaya yana da sarauta amma boko bai yaɗu cikin talakawansa ba, ɗayan kuma yana da 'yan boko amma ba shi da iko a kan sha'anin kansa. Yara biyu na gari ɗaya suka tashi ba su taɓa zama aji ɗaya ba. Abin mamaki shi ne harshen Hausa ne ya haɗa su duka, domin da shi En'e ke aiki, da shi kuma mishan ke wa'azi, musamman bayan an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Gado na Huɗu: Suna da Asali

A takardun Turawa an kasa mutanen Arewa gida biyu, Musulmi da waɗanda aka yi wa laƙabin arna, aka kuma rubuta al'ummomi da sunayen da wasu suka ba su. Shi ya sa aka daɗe ana cewa Gwari da Jaba da Kaje da Katab, alhali masu sunan suna kiran kansu Gbagyi da Ham da Bajju da Atyap. A garuruwan reluwe kuma aka ware baƙi a unguwarsu dabam. Wannan al'ada ta raba mutane ɗan ƙasa da baƙo ita ce ta rayu har ta zama takardar shaidar asali da ake nema yau wajen shiga makaranta da neman aiki, ko da kakan mutum a garin aka haife shi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Katab na 1992 wanda ya tashi kan maganar mai da kasuwa sabon wuri, da na Kafanchan na 1999 kan naɗin Sarkin Jama'a, duk an yi asarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare. In aka bi diddiginsu za a tarar da tsofaffin tambayoyin nan: wa ke da ƙasa, wa ke da sarauta, wa ke da kasuwa?

Abin da Aka Gyara

Adalci ne a faɗi cewa zamanin Turawa ya kawo ƙarshen harin bayi. Dokar 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da za a haifa, a 1936 aka soke bauta baki ɗaya. Bayan mulkin kai kuma 'yan Nijeriya da kansu sun gyara abubuwa da yawa. An ƙirƙiro jihohi a 1967. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a shekarar nan kuma aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1979 gwamnatin Jihar Kaduna ta soke haraji da jangali. A tsakiyar shekarun 1990 Atyap da Bajju suka sami sarakunan kansu, a farkon shekarun 2000 kuma aka ƙara masarautu da dama. A ƙaramar hukumar Kagarko yanzu akwai masarautar Kagarko da ta Jere da ta Koro, kowace da nata iko. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan.

Aikin da Ya Rage

Ba daidai ba ne a ɗora wa Turawa laifin kome. Cin hanci, da lalacewar tsohuwar hanyar jirgin da ta raya Kafanchan, da 'yan siyasar da ke hura wutar ƙabilanci domin neman ƙuri'a, waɗannan namu ne. Amfanin sanin tarihi shi ne mutum ya gane inda ciwo ya samo asali domin ya san maganin da zai nema. Ga abin da ake bukata daga kowane ɗan ƙasa:

1. Ka kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, ka hana yaranka kalmomin raini.

2. Ka san haƙƙinka da na maƙwabcinka. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 41 da na 42 da na 43, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama da mallakar fili ko'ina a ƙasar nan, ya kuma hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali.

3. In gardama ta tashi kan gona ko burtali ko kasuwa, a kai ta gaban dagaci ko hakimi ko kotu tun tana ƙarama. Kada a saurari jita-jita, ko ta baki ko ta waya.

4. A sa yara makaranta, maza da mata, a kuma bar su su zauna aji ɗaya da 'ya'yan maƙwabta.

5. Manoma su haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama kai, su nemi sarrafa citta da sauran amfanin gona a gida, kada kuma su dogara ga shuka iri ɗaya.

6. A zauna da tsofaffi a rubuta abin da suka ji daga iyayensu, na daɗi da na ɗaci, daga kowane ɓangare, tun kafin su ƙare.

Waɗanda suka shata iyakokin nan sun daɗe da komawa ƙasarsu. Mu da muka gaje su, Bagbagyi da Bafillace, Bajju da Bahaushe, Musulmi da Kirista, mu ne za mu ci gaba da shan ruwan Gurara ɗaya da cin kasuwa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba Nijeriya zaman lafiya, amin.