A Taka Gida Kafin a Gina Shi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tsarin gida tun kafin ya san baƙi da wasali. Ya san zaure, ya san ƙofar gida inda ɗakin samari yake, ya san shigifa, ya san daga nan sai cikin gida, inda baƙo namiji ba ya wucewa sai da izini. Waɗannan ba sai an koya wa kowa ba. Abin da ya kawo wannan darasi magana ce guda wadda ta cinye dukiyar mutane masu yawa: "A dai fara, in ya so a gyara daga baya."

Ginin ƙasa yana ɗaukar wannan magana. In ƙofa ta yi ƙunci, magini ya sare gefenta, ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe. Ginin bulo da siminti ma yana ɗauka, amma da asara. To akwai gini na uku da ba ya ɗauka ko kaɗan, wato gidan da ake ƙera bangwayensa a masana'anta, a ɗauko su a manyan motoci, injin ɗaga kaya ya jera su a kan daɓen da aka riga aka zuba. Bangon yakan iso da gurbin ƙofarsa da tagarsa, har da hanyar wayar lantarki a cikinsa. Birtaniya ta kafa irin waɗannan gidaje fiye da 150,000 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Jamus, fiye da ɗaya cikin biyar na sababbin gidajen iyali haka ake yin su, kuma cikin kwana biyu ko uku an tsai da bango an rufa. A Japan, tun 1975 kamfanin Asahi Kasei yake sayar da irin wannan gida da aka tsara don iyaye da 'ya'yansu masu aure, kowa da sashensa a ƙarƙashin rufi ɗaya. A nan gida an fi sabawa da ganin ƙanin wannan gini, wato ofis ko shagon kwantena. Ko mai gini da bulo ma ya shiga wannan sahu, domin ƙofofi da tagogin ƙarfe a ƙere yake sayo su daga masu walda. Ranar da aka sa hannu a zane aka biya kuɗi, gyara ya ƙare. Kada a biya kuɗin bango ko na ƙofa sai an zana gidan a ƙasa an taka shi.

A ɗauki misalin wani mai ɗori da ya sami filoti a bayan gari, ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, wato wajen mita 15 da mita 30. Zai tare da mahaifiyarsa, da uwargidansa da yara, da babban ɗansa da amaryarsa, kuma a gidan zai ci gaba da karɓar masu karaya da targaɗe. Mai zanen gini ya ba su takarda mai kyau. Maimakon su wuce da ita wurin biyan kuɗi, sai suka ɗebi toka a buhu, da igiya, da turaku, da tef na awo, suka kwashi kowa da kowa zuwa filin bayan la'asar.

Babban ɗan ne yake karanta awo, yara suna zuba toka a kan layi. Da aka gama, ya nuna wa kakarsa wata kusurwa can ƙurya.

"Iya, ga ɗakinki. Babu hayaniyar yara, babu ta baƙi."

"To angona, ina makewayi?"

Ya nuna ɗaya kusurwar. Tsohuwa ba ta ce komai ba. Ta dogara sandarta ta kama tafiya, yara na biye da ita suna ƙidaya da ƙarfi. Ta huta sau ɗaya a hanya. Da ta isa sai ta juyo wajen ɗanta.

"Kai, da tsakar dare zan yi wannan tafiya? Cikin damina, buta a hannu ɗaya, sanda a ɗaya? Kuma in na faɗi a wancan lungu, wa zai ji ni?"

"Gaskiyarki, Iya," in ji maigida. Ya sa ƙafa ya share layin. Aka dawo da ɗakinta jikin na uwargida, aka zana mata makewayinta a manne da ɗaki, ƙofarsa tana buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta.

Sai aka zo ƙofar masu jinya. Turaku biyu aka kafa, tsakaninsu santimita 75, domin maigida ya ga irin wannan ƙofa da araha wurin mai walda. Uwargida ta ce, "Malam, ai mutanenka ba da ƙafarsu suke zuwa ba." Ta shimfiɗa tabarma, ta ce autan gida ya kwanta, yayyensa huɗu su ɗauke shi su shiga. Suna zuwa bakin ƙofa turke ɗaya ya tuge, mai riƙe da gefen hagu ya yi tuntuɓe, auta ya zame yana ihun wai an karya masa ɗaya ƙafar. Kowa ya yi dariya ban da maigida, wanda ya san yadda mai karayar cinya yake ji in aka girgiza shi. A take aka buɗa turakun zuwa santimita 120, ƙofa mai murfi biyu.

Amarya ba ta yi magana a gaban surukinta ba. Ta raɗa wa ƙanwar mijinta, ita kuma ta faɗa: tagar ɗakinsu tana kallon bencin da masu jira za su zauna. Aka mai da tagar ta cikin gida. Uwargida ta ƙara tambayoyi biyu da takardar ba ta amsa ba: ina mata masu jinya za su jira, kuma ina baƙi za su kewaya? In ba a ba su nasu makewayi kusa da zaure ba, cikin gida za su ratsa, ta gaban murhu, ta kan yara. Mai sana'a a gida, maɗori ne ko tela ko mai kitso, yana buƙatar hanya biyu: ta iyali daban, ta masu zuwa daban.

Gyara biyar aka yi a wannan yammaci, kuma abin da aka kashe bai wuce toka ba. Da an riga an biya, da kowane ɗaya sai an fasa bango, ko a zauna da shi har tsufa. Kada a biya sai an taka.

Ga awon da ya kamata a riƙe. Keken guragu yana son ƙofar da faɗinta ya kai santimita 90, kuma yana buƙatar fili mita ɗaya da rabi kowane gefe kafin ya juya. Inda daɓen gida ya ɗara titi tudu, a yi gangare maimakon matakala: duk tudun santimita 10 yana son tsawon santimita 120, wato tudun santimita 30 zai ci fiye da mita 3 da rabi. Wannan fili sai an ware shi tun a toka. Sauran kuwa sanannu ne. Ruwan damina da iska daga gabas suka fi bugowa, ranar yamma tana gasa bangon yamma, makewayi ba ya fuskantar alƙibla ba ya ba ta baya, kowane ɗaki yana son taga a ɓangare biyu. A Kano, sai an kai zane hukumar tsara birni ta KNUPDA ta amince.

Abin takaici shi ne yadda ake ganin illar gaggawa a kowace unguwa amma ba a daddara. Wani ya cika filotinsa da ɗakuna har kan iyaka, indararonsa yana zuba a tsakar gidan maƙwabci. Wani ya ɗaga dokin ƙofa matakala uku don ruwa ya wuce gidan na ƙasa da shi, yau ga mahaifinsa da shanyewar ɓarin jiki, sai an nemo samari kafin a kai shi asibiti. Mafi muni shi ne mai haƙa salga a jikin katanga ba tare da ya leƙa ya ga rijiyar maƙwabci tana bayanta ba. Masana lafiya suna son tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya, tsawon filoti guda ke nan, don haka babu mai iya cika wannan sharaɗi shi kaɗai sai ya zauna da maƙwabtansa. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Duk waɗannan masu gini sun ce za su gyara daga baya.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya auna faɗin ƙofar gidansu da ta makewayi, ya rubuta adadin da santimita. Ya ƙidaya taku daga shimfiɗar wanda ya fi kowa tsufa a gidan zuwa makewayi, da takun tsohon ba nasa ba. Ya tambayi maƙwabta na dama da na hagu da na baya inda rijiyarsu da salgarsu suke. Sannan ya zana gidan a takarda, ya ja hanyar iyali da layi ɗaya, hanyar baƙi da layi biyu, ya sa alama duk inda suka haɗu, ya zo da takardar aji mai zuwa.