Amsoshin Tambayoyinku: Koyon ƙira da injin kwamfuta a Amurka

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: me ake koyarwa a kwalejojin shekara biyu na Amurka a fannin ƙere-ƙere?

To malam, waɗannan kwalejojin al'umma ne, kuma mafi daɗewa cikin na gwamnati ita ce Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka kafa a 1901. Shaidar da suke bayarwa ta yi kama da difloma ta ƙasa ta folitekanik ɗinmu.

Ɗalibi yakan fara da karanta zanen injiniya da lissafin kusurwa, sannan ya kama injin feƙe ƙarfe da hannunsa. Sai ya ƙware a nan ake barinsa ya matsa kusa da injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa.

Wahalar tana wajen awo. Akan so ƙarfe ya fito daidai har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. In ɗalibi ya kuskure, ƙarfen ya tashi aiki, sai kwandon shara. Ɗumin injin kaɗai kan sauya awon, shi ya sa gwani ke auna kaya sau da dama kafin ya sallame shi zuwa masana'antar jiragen sama ko ta kayan asibiti.