KIWON LAFIYA: GYAMBON DA YA KAI GA ƘASHI

Jama'ar Damargu, manoma da makiyaya, ga darasinmu na wannan wata.

Mutum yakan faɗo daga raƙumi, ko amalanke, ko moto. Ƙashi ya karye, ya huda fata. Datti ya shiga. Watanni su wuce, mugunya tana fita ta wata ƴar kafa. Ta rufe, ta sake buɗewa. Wannan ita ce ruɓar ƙashi. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo ta. A wurin yara, cutar takan bi jini ta shiga ƙashi ba tare da karaya ba, musamman masu amosanin jini.

ME YA SA MAGANIN KASUWA BA YA WARKAR DA ITA?

Maganin da muka sha, jini ne yake kai shi wurin ciwo. To, in ciwo ya daɗe, wani yanki na ƙashin yakan mutu. Jini ba ya shiga mataccen ƙashi. Saboda haka magani ba ya isa can. Cuta ta samu maɓoya.

YAYA LIKITA YAKE YI?

1. Yana ɗaukar hoton ƙashin.
2. Yana yin aiki, ya cire mataccen ƙashi, ya wanke wurin sarai.
3. Wani lokaci yakan ajiye magani cikin ramin da ya rage.

Wannan dabara ta uku, wani likitan Jamus mai suna Klaus Klemm ya fito da ita a shekarun 1970. Ana kwaɓa magani, kamar jantamisin, da simintin ƙashi. A mulmula shi kamar ƙwayar wake. A jera a siririyar waya, tamkar tasbaha. Maganin yana fita kaɗan-kaɗan, daidai inda cutar take. Bayan ƴan makonni sai a cire. Yanzu akwai wani iri mai narkewa da kansa.

Amma tasbahar ita kaɗai ba ta isa ba. Dole a cire mataccen ƙashi tukuna. Kuma maras lafiya yakan ci gaba da shan magani wajen mako 6.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Karayar da ta huda fata, kada a kai wa maɗori. A rufe ta da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti ran nan.

Yaro mai zazzaɓi da kumburin ƙafa, wanda ya ƙi takawa, a kai shi asibitin Tanut ko na Belbeji. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram.

Kada a tsaida magani don ciwo ya lafa. Jinkiri yana iya sa a yanke ƙafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI

1. Me ya hana magani shiga mataccen ƙashi?
2. Akwai mai irin wannan gyambo a garinku? Ku karanta masa wannan darasi.