Kafin Ka Tayar da Tsohon Babur

Idan ka samu tsohuwar Honda Super Cub, samfurin da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, kada ka yi gaggawar tayar da ita. Injin da ya daɗe a ajiye yana iya lalacewa a bugun farko. Zubar da tsohon baƙin mai, wanke kafireta, leƙa cikin tanki ka ga ko tsatsa ta cinye shi. Amma tun kafin nan, duba firam: in ya lanƙwashe ko an taɓa yi masa walda a wuya, fenti ba zai gyara shi ba. Ɗauki hoton komai kafin ka kwance. Kayan asali kuwa, ko sun tsufa, adana su; samun irinsu yanzu da wuya.