Sauyin Fasaha da Makomar Ƙananan Taskokin Lissafi na Intanet: Duba Daga Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar taskar lissafi ita ce ma'ajiyar darussa da tambayoyin gwaji wadda malami ɗaya ko sashen makaranta ke kula da ita a intanet. Wannan muƙala ta duba hanyoyi biyu da sauyin fasaha ke kassara irin waɗannan taskoki, musamman ga malaman ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, inda wayar hannu ta fi kwamfuta yawa.

2.0 Mutuwar Manhaja

An gina darussa masu motsi da dama a kan Java da Flash. Manhajar Chrome ta daina karɓar darussan Java a 2015, kamfanin Adobe kuma ya janye Flash a ƙarshen 2020. Manyan rumbuna irin su arXiv, wanda aka kafa a 1991, suna da ma'aikatan da ke sabunta su. Ƙaramar taska kuwa, da zarar mai ita ya gaza sake gininta, sai malamin da ya dogara da ita ya tarar da kango.

3.0 Rikicin Haruffa da Alamomi

Matsala ta biyu ta keɓanta ga Hausa. Tsofaffin salon haruffa irin su Rabi'at, waɗanda suka yi wa ɗab'in Hausa hidima matuƙa, sun ɗora haruffa masu ƙugiya a gurbin alamomi: ƙ a gurbin }, ɗ a gurbin ]. Idan aka buɗe rubutun a wayar da ba ta da salon, "ɗaya" sai ta koma "]aya". A labari, mai karatu yana iya cankar manufa. A lissafi kuwa, waɗannan alamomi suna da aikinsu na kansu wajen killace lambobi, don haka ɗalibi zai kasa bambance harafi da alama. Ke nan darasin lissafi na Hausa ya fi na Ingilishi saurin lalacewa.

4.0 Kammalawa

Gyaran yana hannun masana Hausa da na lissafi tare: a mayar da tsofaffin darussa zuwa tsarin Unicode, a rubuta ƙa'idojin lissafi da LaTeX maimakon ɗaukar hotonsu, a kuma ajiye kwafi mara nauyi wanda ɗalibin Gwarzo ko Kabo zai iya saukewa ya karanta ko da babu intanet.