Yadda Ake Kai Iyali Yawon Gona a Kura da Kadawa

Ma'aikacin Sharaɗa ko Challawa ko Bompai yana wuni tsakanin fata da gyaɗa da buhunan shinkafa, amma ka tambayi ɗansa inda tumatir yake fitowa, sai ya ce maka 'Yankaba. Ba laifin yaron ba ne, iyakar abin da ya gani ke nan. A ƙasar Thailand, wadda muka ci shinkafarta shekara da shekaru, akwai gonar Jim Thompson a lardin Nakhon Ratchasima da ake buɗe wa baƙi na 'yan makonni a Disamba da Janairu, iyalai su biya kuɗin ƙofa don kawai 'ya'yansu su ga shuka da tsutsar siliki. Mu a nan ba mu da gona mai tikiti da ɗan rakiya irin wannan, amma muna da Kura da Kadawa a bayan gida, kuma ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Ga yadda za ka shirya.

Mataki na farko: ka bar lambunan bayan masana'anta

Za ka ce ai ga latas da alayyafo nan kore shar a gefen Jakara da Getsi, me zai kai ka nesa? Kai da kake aiki a ciki ka fi kowa sanin abin da yake fita ta magudana. Ruwan Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har dam ɗin Wasai, na majemun Sharaɗa da Challawa kuma yana gangarawa kogin Challawa. Ba wurin da za ka saki yaro ya tsoma hannu ba ne, balle ya tsinki ganye ya kai baki. Nufi kudu, inda ake ban ruwa da ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Dam ɗin ne yake shayar da gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci

Daga ƙarshen Disamba zuwa Maris ya fi. Lokacin noman rani ya kankama, tumatir ya nuna, alkama ta yi tsayi, rana kuma ba ta fara dukan ƙeya ba. Mai son ganin yankan shinkafar damina da bugunta sai ya je a Oktoba ko Nuwamba. Lahadi ta fi dacewa da mai aikin kamfani, kuma manomi ba ya hutun Lahadi, za ka same shi a bakin aiki. Juma'a kam ka bar masa, kafin azahar ya tashi.

Mataki na uku: nemi mai gona tun kafin ranar

Nan ne mutane suke kuskure. Gona ba Gidan Zoo ba ce da za ka yanki tikiti ka kutsa. Dukiyar mutum ce, ya zuba taki da iri da bashi a ciki. Ka duba cikin abokan aikinka, da wuya a rasa ɗan Kura ko wanda yake da suruki a Garun Malam. Direbobin da suke kawo wa injinan casa shanshera su ma sun san manoma ɗaya bayan ɗaya. A yi maka iso, ka buga waya ka gaisa, ka faɗi ku nawa ne da ƙarfe nawa za ku iso. Idan akwai uwargida da 'yammata a tafiyar, ka faɗa tun wuri, wataƙila ya shirya su shiga cikin gida su gaisa da iyalinsa. A can ne ma za su ga yadda mata suke turara shinkafa a manyan tukwane su shanya ta, aikin da matan Kura suka yi suna a kai.

Kada ka je hannu rabbana. Goro, ko sukari da sabulu, ko ledar biredi ta isa. Idan ayarin ya yi yawa, kamar ku haɗu gida uku, ku fara biyawa ta ƙofar mai unguwa.

Mataki na huɗu: hanya da guzuri

Titin Zariya za ka bi. Na Sharaɗa ya fito ta Zoo Road zuwa Dangi, na Bompai ya zaga ta Hotoro. Ka wuce Na'ibawa, ka haye gadar Tamburawa, sai Kura, gaba kaɗan Kadawa. Idan ba cunkoso, ba ta kai awa ɗaya ba. Ku fita da an idar da sallar asuba an karya, don ku tarar da masu ɗiban tumatir kafin su ɗaure kwanduna.

Ku ɗauki ruwan sha mai yawa, tabarma, buta, hula, da rigar sanyi saboda hunturun fili ya fi na cikin gari cizo. Kowa ya sa takalmi rufaffe. Uwargida ta ajiye sabon leshi sai ranar biki.

Mataki na biyar: a cikin gona

Kafin kowa ya sauka daga mota, ka kafa wa yara doka biyu. Ta farko, a kan kunya ake tafiya, ba a taka fangali. Ta biyu, ba wanda zai shiga ruwan kanal. Za su ga yaran ƙauye suna tsalle suna faɗawa, su ma ransu ya biya. Ka hana. Babban kanal yana da ja, gefensa kuma santsi ne, sannan ruwan da yake kwance yana ɗauke da tsargiya, wadda sai bayan makonni za ka ga yaro yana fitsarin jini.

Sai ka sa su gaida mai gona yadda ya kamata, su durƙusa su ce "Baba, ina kwana, ya aiki?" Daga nan ka roƙe shi ya nuna musu yadda yake jawo ruwa. Wannan shi ne abin kallon da ya fi komai. Zai ɗauki lanƙwasasshen bututun roba ya nutsar da shi cikin ƙaramin kanal har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya tsallakar da shi gaɓa, ya saki. Sai ruwa ya kama zuba cikin gona shi kaɗai, ba inji, ba fetur. Yaro zai gwada sau biyar bai samu ba, rigarsa ta jiƙe, a na shida ruwa ya taho ya kurma ihu. Darasin kimiyya na zango guda ke nan a minti goma.

Ka bar su su yi tambaya. Wanne ne tattasai, wanne ne attaruhu tun ba su yi 'ya'ya ba? Me ya sa ake yanka tumatir a baza a rana? Su riƙe kauɗa a hannu su gane cewa ita ce Mama take jiƙawa da damina lokacin da ɗanye ya yi tsada. Kai kuma ka tambayi mai gona labarin 2016, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye tumatirin yankin. Zauna sosai, domin labarin yana da tsawo.

Ba a tsinkar komai sai an ba da izini, kuma ka tambaya yaushe aka yi feshi na ƙarshe kafin wani ya kai baki. Hoto ma a nemi yarda, musamman inda mata suke aiki.

Mataki na shida: sayayya da komowa

Manomi zai cika muku leda ya ce kyauta ce. Ka karɓa ka yi godiya, sannan ka sayi wani abu a kai da farashin ranar, ba tare da dogon ciniki ba. Idan da sauran lokaci, ku ƙarasa kasuwar Kwanar Gafan yara su ga kwandunan tumatir jere ana loda su a manyan motoci zuwa Legas. A nan ka riƙe hannun ƙanana gam, wurin motoci ne da 'yan dako masu sauri.

Ku kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi, titin Zariya ba na tuƙin dare da yara ba ne. Da kun isa gida a wanke kayan lambun da ruwan gishiri, sannan ka kira mai gona ka shaida masa kun sauka lafiya.