ƊINYA: AMFANINTA DA YADDA ZA A KIYAYE TA

Ɗinya, wadda waɗansu ke kira ɗunya, tana cikin manyan itatuwan ƙasar Hausa. Tsawonta ya kan kai ƙafa hamsin, wani lokaci har ya zarce. Ana gane ta da ganyenta, wanda ke fitowa biyar-biyar a kan sanda guda kamar yatsun hannu. Masana ilmin tsirrai suna kiranta Vitex doniana, sun kuma sa ta cikin dangi ɗaya da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da malaina. Ta fi son wuri mai laima, shi ya sa ta fi yawa a fadamu da kudancin Jihar Katsina, wajen Funtuwa da Malumfashi.

Amfaninta

'Ya'yanta kore ne tun suna ɗanye, in sun nuna wajen ƙarshen damina sai su zama baƙi wuluk. Ana shan su haka nan, ana kuma dafa su a tace a yi maɗi. Sabon tohonta, watau ɗinkin, ana dafa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, a daidai lokacin da ganyen miya ya ke wuya. Malaman dā su kan tafasa ganyen su haɗa da ƙaro su yi tawada. Ƙudan zuma na son furenta, don haka masu amya ke ɗora amyarsu a kanta. Itacenta fari ne marar nauyi, masassaƙa su kan yi ganga da kujeru da shi.

Abin da ke rage ta

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya ke ta faɗaɗa. Gonakin da ke bayan Ƙofar Kaura sun zama unguwanni, itatuwan da ke cikinsu kuwa sun tafi murhu. Ga masu gawayi suna sara, ga awaki suna cinye ƙananan da suka tsiro. Ita kuwa ɗinya ba a saba dasa ta ba, jira a ke yi ta fito da kanta. In ana sara ba a mayarwa, lalle wata rana yaranmu sai dai su ji sunanta.

Abin da ya kamata a yi

1. Manomi in yana sharar gona ya bar tohon da ya fito daga saiwa ko kututture, ya zaɓi mafi ƙarfi ya rene shi.
2. Mai son shukawa ya wanke ƙwallon nunanniyar ɗinya, ya kankare gefensa kaɗan, ya jiƙa shi, sa'an nan ya shuka cikin leda mai ƙasa da taki. Ƙwallon yana da tauri, ya kan daɗe bai tsiro ba, amma mai haƙuri ya kan dafa dutse.
3. A dasa in ruwa ya zauna, nesa da bangon gida. A kewaye shi da ƙaya, a riƙa ba shi ruwa da rani.
4. Mai ɗiban ɗinkin ya tsinki ganye kawai, kada ya sassare rassa.

Jama'a, wanda ke neman ƙarin bayani ya je wurin malamin daji na ƙaramar hukumarsa. Ɗinyar da mu ke sha yau waɗansu ne suka bar mana ita, wajibi ne mu ma mu bar wa na baya.